Daga Fim Zuwa Dijital: Abin Dubawa Kafin A Yi Gwanjon Tsofaffin Gilasan Kyamara

A ranar 12 ga Disamba, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya taso da fadar mulkin Najeriya daga Legas zuwa Abuja. Masu ɗaukar hoto na wancan lokaci da fim suke aiki: a ɗauka, a naɗe, a kai ɗakin duhu a wanke, sannan a ga abin da ya fito. A cikin wannan shekara ce kuma kamfanin Kodak na Amurka ya sa DCS 100 a kasuwa, kyamarar dijital da aka yi domin 'yan jarida. Kodak bai ƙera mata sabuwar ganga ba. Kyamarar fim ta Nikon F3 ya ɗauko, ya cire murfinta na baya, ya dasa na'urar lantarki a gurbin fim. Gilashin da ke gabanta kuwa, shi ne dai wanda masu hoto suka saba rataye a wuya shekara da shekaru.

Tun daga farko ke nan, an gina hoton dijital a kan tunanin cewa fim zai tafi, gilashi ya zauna.

Yau da wuya a samu sashen yaɗa labarai na wata ma'aikata da ke jiran wankin hoto kafin ya tura wa jaridu. Amma duk ofishin da ya yi aiki a zamanin fim ya gaji wasu kaya: gangunan kyamara, jakunkuna, fitilun filasha, da gilasai manya da ƙanana. A rajistar sito, galibi layi ɗaya ake ba su duka, wato kayan da zamani ya wuce. Wannan hukunci ya dace da gangar, amma ba lallai ya dace da gilashin ba. Gilashin ƙwararru kan yi tsada kamar gangar kyamara ko ya fi ta, kuma daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin tashin dala. Jami'in da ke rubuta takardar neman sayen sabbin kaya, da hadimin da aka ɗora wa nauyin hotunan maigidansa, suna da dalilin sanin abin da ke cikin tsohuwar jakar kafin a fitar da kuɗi.

Ganga ke tsufa

A zamanin fim, gangar kyamara akwati ce mai tsare haske, mai ɗan labule da ke buɗewa ya rufe cikin ƙiftawar ido. Ingancin hoto na zuwa ne daga gilashi da kuma fim. Idan an ƙirƙiro fim mafi kyau, sai mai hoto ya sayo ya saka a tsohuwar kyamararsa, ta koma sabuwa. Shi ya sa mutum kan yi shekara 20 da kyamara ɗaya.

Dijital ya sauya wannan lissafi. Abin da ya maye gurbin fim shi ne sensa, ɗan faranti na lantarki mai karɓar haske, kuma a manne yake a cikin gangar. Idan ya tsufa, gangar ta tsufa. Kyamarar dijital ta farko da injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa a 1975 tana ɗaukar hoto baƙi da fari ne mai ɗigo dubu 10 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 tana rubuta shi a kaset. DCS 100 ta zo da megafiksel 1.3. Nikon D1 ta 1999, wadda ta ja 'yan jarida da yawa zuwa dijital, tana da 2.7. A yau megafiksel 24 abu ne da aka saba gani ko a kyamarar masu koyo.

Aikin gilashi kuwa bai sauya ba: ya tattaro haske, ya sauke shi daidai a kan wani shimfiɗaɗɗen wuri. Bai damu ba ko fim ne a wurin ko sensa. Hatta Sasson, gilashin wata kyamarar ɗaukar majigi ta Super 8 ya tsinto ya ɗaura wa na'urarsa.

Kasuwa ta bi wannan hanya. Kodak ya daina yin fim ɗin Kodachrome a 2009, bayan shekara 74, ya kuma nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a Janairun 2012. Canon ya daina sayar da kyamararsa ta fim ta ƙarshe, EOS-1V, a 2018, Nikon kuma ya dakatar da F6 a 2020. Har yanzu ana yin fim, ana kuma samun masu sha'awarsa, amma aikin ofis da na jarida sun bar shi. Gilasan da aka ƙera dominsa suna nan da yawa, kuma suna gani.

Kamfanoni biyu, shawara biyu

Ko tsohon gilashi zai hau sabuwar kyamara, abu na farko da ke yanke hukunci shi ne baki, wato zoben ƙarfen da gilashi ke murɗawa ya kama gangar. Kowane kamfani da nasa.

Nikon ya fito da bakin da ake kira F a 1959. Da zamanin gilashi mai saita kansa ya zo, bai yar da shi ba, ya riƙa yi masa ƙari. Saboda haka gilashin Nikon na shekarun 1980 yana hawa kyamarorin dijital masu madubi na kamfanin ba tare da an sa komai a tsakani ba. Pentax ma haka ya yi da bakinsa na K, wanda ya fito a 1975.

Canon ya ɗauki wata hanya. A 1987 ya fara barin bakin FD, ya fito da EF, wanda ke sadarwa da gilashi ta lantarki zalla, injin saiti kuma na cikin gilashin kansa. Masu hoton da suka tara gilasan FD suka wayi gari jarinsu ba ya hawa sabbin kyamarori. Sai dai shawarar ta yi amfani daga baya: duk gilashin EF na Canon da aka yi tun 1987 yana aiki sosai a kan kyamarorin dijital masu madubi na EOS, da saitinsa da awon haskensa.

Minolta ya yi irin wannan sauyi a 1985, lokacin da ya fito da bakin A. Da Sony ya karɓi harkar kyamarar Konica Minolta a 2006, ya ci gaba da wannan baki na wasu shekaru. Olympus kuwa ya bar bakinsa na OM, ya fara sabon tsari da kyamarar E-1 a 2003.

Don haka sunan kamfani kaɗai ba ya wadatarwa. Gilasai biyu na iya ɗauke da sunan Canon, ɗaya ya hau kyamarar ofis nan take, ɗayan ya ƙi. Haruffan da ke rubuce a zoben gaba, FD ko EF, su ne abin karantawa.

Hukuncin 'yan milimitoci

Me ya hana a haɗa kowane gilashi da kowace ganga ta hanyar adafta? Amsar tana cikin tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da fim ko sensa. An ƙera kowane gilashi ne domin ya zauna a wata tazara tabbatacciya. Ta Nikon F milimita 46.5 ce, ta Canon EF 44, ta Canon FD kuma 42.

Adafta zobe ne mai kauri, yana nisanta gilashi daga sensa, ba ya kusanto da shi. Gilashin Nikon na iya hawa gangar Canon EF domin akwai rarar milimita 2.5 da adafta zai cike. Amma gilashin FD yana bukatar ya matso ciki da milimita 2 fiye da yadda gangar EF ta ba da dama. Idan aka tilasta shi da zobe, abin da ke kusa zai fito, abin da ke nesa ya zama dishi-dishi. Akwai adafta mai ɗan gilashi a ciki da ke gyara wannan, amma masu araha daga cikinsu suna rage kyan hoto.

Abin da ya warware matsalar shi ne cire madubi. Kyamarorin fim na 'yan jarida da magadansu na dijital suna da madubi a ciki mai tura hoto zuwa idon mai ɗauka, kuma shi ne ke cin wuri. Panasonic ya fito da G1 marar madubi a 2008, Sony ya kawo A7 mai babban sensa a 2013, Nikon da Canon suka biyo baya a 2018 da bakunan Z da RF. Tazarar ta ragu sosai: milimita 18 a Sony E, 16 a Nikon Z, 20 a Canon RF. Da wannan rara, kusan duk gilashin kyamarar fim mai faɗin milimita 35 na iya hawa da zoben ƙarfe zalla. Gilasan FD da aka yi wa kallon marayu, da na Minolta na da, da na Olympus OM, har da masu bakin murɗawa na M42 irin na Zenit ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet da Praktica ta Jamus ta Gabas, duk sun sake samun gida. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Hoton taro da girman sensa

Abu na biyu da ke ba sabon shiga mamaki shi ne, gilashin ya hau, amma hoton ya matse. Gurbin hoto ɗaya a fim milimita 36 ne a faɗi, 24 a tsaye. Yin sensa mai wannan girma na da tsada, don haka kyamarorin dijital na farko, da akasarin masu sauƙin kuɗi har yau, suna da ƙaramin sensa da ake kira APS-C, kimanin milimita 24 da 16. Gilashin na zana hoton da ya saba zanawa, amma sensan tsakiyar kawai yake kamawa, gefe-gefen ya zube.

Lissafin mai sauƙi ne. A kyamarorin Nikon, Sony, Pentax da Fujifilm masu irin wannan sensa, ana ninka lambar gilashin sau 1.5, a Canon sau 1.6. Gilashi mai milimita 50 zai nuna abin da mai 75 ko 80 ke nunawa a fim. A tsarin Panasonic da Olympus ninki biyu ne.

Ga mai aikin gwamnati, wannan lamari ne na yau da kullum. Gilashi mai milimita 28, wanda a da yake kwashe mahalarta taro gaba ɗaya a ɗakin taron ma'aikata, zai koma kamar mai 42 ko 45. Mai hoto zai ja da baya har ya jingina da bango, duk da haka daraktocin da ke gefe ba su shiga ba. Domin samun faɗin da aka saba, sai an nemo mai milimita 18. A ɗaya ɓangaren kuma akwai riba: gilashi mai milimita 200 zai yi aikin mai 300 ko 320, abin da mai ɗaukar fareti a Dandalin Eagle daga nesa zai yi maraba da shi.

Wanda ke son gilasansa su ci gaba da nuna abin da suka saba, sai ya nemi kyamara mai sensa daidai da girman fim. Canon EOS 5D ta 2005 ce ta fara kawo irin wannan kusa da aljihun masu sana'a, Nikon ya bi da D3 a 2007. Gangar ta fi tsada, amma idan ofis na da gilasai masu kyau uku ko huɗu, kuɗin da aka ƙara a ganga na iya zama ƙasa da na sake sayen gilasai.

Hawa daban, aiki daban

Ko da baki ya dace, akwai tarkuna. Gilasan Nikon da aka yi kafin 1977, idan ba a yi musu gyara ba, suna iya danne wani ɗan harshe da ke gefen bakin wasu kyamarori har su karya shi. Nikon Df ta 2013 na cikin 'yan kaɗan da aka yi wa harshen mai naɗewa domin karɓar irin waɗannan. Haka kuma gilasan Nikon masu saita kansu na farko-farko sun dogara ne da injin da ke cikin ganga. Ƙananan kyamarori irin su D40 da jerin D3000 da D5000 ba su da wannan inji, adaftar FTZ ta kyamarorin Z ma ba ta da shi. Gilashin zai ɗauki hoto, amma da hannu za a saita shi. Wasu tsofaffin gilasan da wasu kamfanoni daban suka ƙera domin bakin Canon kuma sukan sa sabuwar kyamara ta tsaya cak, saboda lantarkinsu ba ya jin yaren nata.

Fitilar filasha ta fi haɗari. Wasu tsofaffi suna tura wuta sama da volt 200 ta ƙafarsu, alhali wasu kyamarorin dijital volt 6 kawai aka yi su su jura. Kafin a ɗora tsohuwar filasha a kan sabuwar kyamara, wajibi ne a auna ta ko a duba littafin kyamarar. Ganganci a nan na iya ƙona kayan da aka sayo jiya.

Saiti da hannu ba abin tsoro ba ne a kyamara marar madubi. Tana iya ƙara girman wurin da ake so a allo, ta kuma shafa launi a kan abin da ya fito tsaf. Masu na'urar hana rawar hannu a cikin ganga suna ba tsohon gilashi wannan gata, muddin aka shigar musu da lambar tsawonsa. Amma kowane aiki da kayansa. Hoton shugaban hukuma da za a rataye a bango, hoton gini ko aikin da aka kammala, kwafin takardu, da hirar bidiyo a zaune, duk tsohon gilashi zai yi su da kyau. Musabahar daƙiƙa biyu a bakin mota, ko miƙa takardar yarjejeniya, ba sa jiran mai murɗa zobe. Hadimin da ya rasa wannan hoto ba shi da damar cewa a maimaita.

Sensa kuma ba ya rufa wa gilashi asiri. Fuskarsa ta fi fim sheƙi, tana mayar da haske baya, don haka gilashin da shafensa ya tsufa kan yi hazo idan an fuskanci taga ko fitila. A kan allon kwamfuta ana ganin laushin gefe da jirwayen launi waɗanda ƙaramin hoton takarda ke ɓoyewa. Sau da yawa maganin shi ne a rage ƙofar haske zuwa f/5.6 ko f/8, a kuma sa hular da ke kare gilashi daga hasken gefe.

Ƙurar hunturu da danshin damina

Abuja na da maƙiyan gilashi guda biyu, kowanne da lokacinsa. A zamanin fim, kowane hoto na samun sabon shafi, ƙurar da ta faɗa wa ɗaya ba ta bin na gaba. Sensa kuwa guda ne. Ɗigon ƙura ɗaya zai fito a wuri ɗaya cikin hotuna ɗaruruwa, musamman a sararin sama ko farin bango. Kyamarori da yawa yanzu suna karkaɗe sensansu da kansu, dabarar da Olympus E-1 ta fara kawowa, amma hakan bai isa ba a lokacin hazo. Ƙa'idar masu sana'a ita ce a kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa, a sauya gilashi cikin hanzari, a cikin ɗaki ko mota idan da hali.

Damina kuma na kawo fumfuna. Gilashin da aka kulle a jakar fata cikin duhu da laima, fumfuna na iya tsirowa a cikinsa kamar saƙar gizo, idan ta daɗe ta ci shafen gilashin har abada. Gwajin ba shi da wuya: a cire murafan biyu, a haska tocila ta baya, a duba ta gaba. Ƙura kaɗan ba ta ɓata hoto. Zaren fumfuna, hazo mai kauri, ko maiƙo a kan fikafikan ƙofar haske, su ne ke bukatar mai gyara. A murɗa zoben saiti a ji ko yana tafiya sumul. Wanda ya tsira, a ajiye shi a akwati mai rufuwa tare da ƙunshin sinadarin tsotse danshi, kada kuma a haɗa shi da mai fumfuna.

Kafin a buga ƙararrawar gwanjo

Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ba a kan saye kawai ta tsaya ba. Ta tanadi yadda za a rabu da kadarorin gwamnati, ta kuma bukaci a samu rahoton ƙiyasin daraja daga wanda ya san kan abin kafin a sa su a kasuwa. A batun kayan hoto, ƙiyasin da ya haɗa ganga da gilashi a kuɗi ɗaya zai iya sa a sayar da abu mai daraja a farashin tarkace, sannan a dawo a sayi irinsa da kuɗin kasafi.

Abin da ake bukata bai wuce aikin yini ɗaya ba. A rubuta kowane gilashi daban: kamfani, nau'in baki, tsawo, ƙofar haske da lambarsa. A duba lafiyarsa. A gwada shi a kan irin kyamarar da ake shirin saye, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Idan gilasai masu lafiya sun fi yawa a baki ɗaya, hikima ita ce a bar su su ja ragamar zaɓen ganga, a kashe ragowar kuɗin a kan abin da babu, wanda galibi shi ne gilashi mai faɗi da kuma guda ɗaya mai saurin saita kansa domin tarurruka.

Akwai wani aiki kuma da ya fi lissafin kuɗi nauyi. Inda aka samu tsofaffin kyamarori, akan samu dodon hoto, wato negetif, a kusa. Zafi da danshi na cin fim a hankali. Idan ya fara warin tsami irin na ruwan kal, ya kama hanyar lanƙwashewa da lalacewa, kuma ba a iya dawo da shi. Darajar irin wannan ajiya ta bayyana a aikin J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara a matsayin mataimaki a ɗakin wankin hoto na Ma'aikatar Yaɗa Labarai a Ibadan a 1954. Daga 1968 ya tara hotunan kitson matan Najeriya kusan 1,000, aka nuna wasu daga ciki a babban baje kolin zane na Venice a 2013, shekara ɗaya kafin rasuwarsa. An ga hotunan ne domin an adana su.

Hanya mai sauri ta ceto dodon hoto a yau ita ce a ɗora shi a kan haske, a ɗauke shi da kyamarar dijital, a juya launinsa a kwamfuta. Nikon D850 ta 2017 ma tana iya juyawar a cikinta. Abin da aikin ke bukata shi ne gilashin ɗaukar abu na kurkusa, irin Micro-Nikkor mai milimita 55 ko 60, kuma da hannu ake saita shi, don haka tsufansa ba aibi ba ne. Ofishin da ya samu irin wannan gilashi a sitonsa ya riga ya mallaki rabin kayan da zai kwafe hotunan rantsar da shugabanninsa na farko, da aza harsashin gininsa, da fuskokin ma'aikatan da suka taso daga Legas. Abin da ya rage shi ne wani ya buɗe jakar ya duba, kafin a rubuta mata farashi.